Amana Ce Jarin Ƙungiyoyin Agaji

Ambaliyar da ta afka wa Maiduguri ranar 10 ga Satumba, 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ta nuna ƙarfin kafofin sada zumunta wajen tara gudummawa. Tun ruwa bai janye daga Gwange ba, hotuna da lambobin asusun banki suka karaɗe Facebook da WhatsApp, kuɗi suka riƙa shigowa daga ciki da wajen ƙasar nan.

Sai dai tara kuɗi ranar tashin hankali daban, riƙe masu bayarwa daban. Tausayi kan kwanta cikin 'yan makonni, alhali ciyar da marayu da biyan malamansu hidima ce ta kowane wata. Ga shi kuma Amurka ta rushe hukumar USAID a 2025, lamarin da ya rage kuɗin agaji a arewa maso gabas, ya tilasta wa ƙananan ƙungiyoyi komawa ga aljihun jama'a.

Wanda ya ba da naira 5,000 tamkar mai hannun jari ne, yana da haƙƙin ganin lissafi. Saboda haka ya kamata kowace ƙungiya ta riƙa bayyana abin da ya shigo da inda ya tafi a shafinta duk wata. Asusun ya kasance da sunanta na rajista a hukumar CAC, ba da sunan wani jami'i ba. Ta kuma amsa tambayoyin magoya baya da Hausa da Kanuri. Mai bayarwa da ya ga rasit zai sake bayarwa, ko da babu ambaliya.