Masu Karatun Ƙirga Talakawa Da Kwamfuta, Ku Leƙo Ƙauye

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wani sabon karatu da ya shigo mana gida, har ya ci mini buhun wake uku.

Ni dai manomi ne, in rani ya yi kuma in riƙe ɗan teburina na tireda a kasuwannin ƙauye, karatuna bai wuce firamare ba. To ina da ƙane wanda muka haɗu muka ɗauki nauyinsa tun rasuwar mahaifinmu, har Allah ya sa ya gama digiri a fannin ilimin zamantakewar jama'a. Muna murna za mu huta, sai ya zo mini da maganar wai zai ƙara digiri na biyu, wanda ake haɗa ilimin zamantakewa da aikin tace tarin bayanai a kwamfuta. Na ce masa kai Malam, wannan kuma wane irin karatu ne, ana cin tuwo da shi?

Sai ya zaunar da ni ya ce: "Yaya, duk kiran da ka yi a waya, duk katin da ka sa, duk kuɗin da ka tura, akwai inda ake rubutawa. Tauraron ɗan Adam kuma yana ɗaukar hoton gonarka da rufin gidanka. In aka tara na mutum miliyoyi, ba mai iya karantawa sai na'ura. Amma na'ura ba ta san mutane ba, shi ya sa ake neman wanda ya san duka biyun." Ya ce manyan jami'o'in duniya sun buɗe wannan fanni, har jami'ar Oksfod ta Ingila ta fara ɗaukar ɗalibansa a 2018.

Misalin da ya ba ni shi ya sa na gyara zama. A 2020, lokacin cutar korona, gwamnatin ƙasar Togo ta fito da shirin tallafi mai suna Novissi, ana tura wa mutane kuɗi ta wayar hannu. Da aka zo kai shi karkara, sai aka rasa cikakken jerin sunayen matalauta. Sai masana daga wata jami'ar Amurka suka yi amfani da hoton tauraron ɗan Adam aka gano yankunan da suka fi talauci, sannan aka duba yadda mutanen wurin suke amfani da waya, kwamfuta ta fitar da waɗanda take ganin sun fi bukata, kuɗi ya shiga wayarsu ba tare da sun yi wa kowa fadanci ba.

Malam Edita, da na ji haka sai na tuna abin da ya same mu. Wata shekara wasu mutane suka zo garinmu da mota, suka ce za a ba da tallafi, muka bar aikin gona muka yini a rana ana rubuta sunayenmu. Da abin ya fito, sai ga sunayen masu shanu da masu injin niƙa, alhali wata gwauruwa maƙwabciyata mai marayu biyar ko ƙwayar hatsi ba ta gani ba. Saboda haka duk ilimin da zai raba talaka da wannan wulaƙanci, ni ina bayansa, shi ya sa na kai waken nan kasuwa na ba yaron ya sayi fom ya fara shiri.

Amma fa ina da magana, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na tambayi ƙanen nawa, ita gwauruwar nan da ba ta da waya, sai dai ta ari tawa in za ta kira ɗan'uwanta, ina kwamfuta za ta gan ta? Ya yi shiru, sannan ya ce gaskiya su kansu masanan da suka yi aikin Togo sun yarda cewa wanda ba shi da waya yana iya faɗuwa ta wannan rariya. Na ce to ka gani. A nan wajenmu gida guda mai mutum goma sha biyar, waya ɗaya ce a aljihun maigida, matan suna cikin gida. Akwai Alhajin da na sani yana sayen hatsi mota-mota a kai Dawanau, amma wayarsa 'yar ƙarama ce mai tocila, filashin yake yi a kira shi. Akwai kuma saurayin da bai mallaki akuya ba, duk abin da ya samu a ƙwadago a data yake ƙarewa. In aka bar na'ura ita kaɗai, ai Alhaji za ta ba tallafi ta hana yaron.

Haka maganar hoton sama. Tauraro zai ga rufin kwano ya ce mai gidan yana da hali, bai san an yi rufin ne shekarar da gyaɗa ta yi kuɗi ba, yanzu kuwa rumbu wayam. Ba zai ga cewa yunwar manomi tana da lokaci ba: wanda ka gani da kaka yana fara'a, ka dawo tsakiyar damina kafin gero ya nuna ka same shi yana cin bashin kwano ɗaya a biya biyu. Ba zai ga wanda kunya ta hana shi shiga layi ba, ko wanda ya ba da gonarsa jingina don ya kai matarsa asibiti. Waɗannan sai an zauna a kan tabarma, an sha fura tare, sannan ake jin su.

Wani abin kuma, mu bayanan namu an karɓa ba iyaka. An yi mana lambar banki ta BVN tun daga 2014, a ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa ta NIN, muka yi ta bin layi. Ƙidayar 2006 ta ce mun haura miliyan 140, yaran da aka haifa shekarar yau wasu sun yi aure, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. To in ba a san yawanmu daidai ba, ta yaya za a san aji nawa ko gadon asibiti nawa ya ishe mu?

Saboda haka ina kira ga jami'o'inmu irin su Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, su ba wannan fanni ƙarfi, domin ɗan talaka ba shi da kuɗin zuwa Ingila. Gwamnonin jihohinmu su taimaka wa irin waɗannan yara da kuɗin karatu, don ba kowa ke da wan da zai sayar da wake ba. Amma a sa musu sharaɗi: kada a ba kowa takardar kammalawa sai ya yi damina guda cur a ƙauye, ya gwada abin da kwamfuta ta faɗa da abin da idonsa ya gani. In sun gama bincike kuma su dawo su gaya mana sakamakon da Hausa a rediyo, kada su kulle shi a kabad da Turanci.

Sannan su ji tsoron Allah a kan sirrin mutane. An sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a 2023, to a yi aiki da ita, kada lambar wayar da na bayar don taki ta koma hannun 'yan damfara ko masu neman ƙuri'a.

Shi kuwa ƙanena na gaya masa, ranar da ya gama, aikinsa na farko shi ne ya nuna mini sunan gwauruwar nan a cikin kwamfutarsa. In ya nuna mini, wakena bai tafi a banza ba.

Allah ya ba mu shugabanni masu tausayi, ya sa yaranmu su yi ilimi mai amfani, amin.

Naku a kullum,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
daga yankin Ɗanbatta, Jihar Kano.