Wasan Babur a Layukanmu: Mu Gyara Kafin a Yi Mana Kuɗin Goro

Maganar da muka kawo yau ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wasan babur da samarinmu suka mayar sana'a a layukan Sheda ya wuce gona da iri, kuma lokaci ya yi da za a sa masa doka rubutacciya, mai hannun ƙaramar hukuma, wadda za ta hau kan ɗan kowa.

Kowa ya san abin da muke nufi. Da la'asar, daidai lokacin da yara ke fitowa daga Islamiyya, sai ka ji ƙarar mashin da aka cire wa salansa kamar ana ɓarin wuta. Yaro bai kai shekara sha biyar ba, ya ɗauko biyu a baya, ya ɗaga tayar gaba sama, ya saki hannu, 'yan uwansa na yi masa tafi. Ranar kai amarya kuwa sai abin ya zama gasa: babura goma sha, keke Napep cike da 'yan mata, ana juyi a tsakiyar layi, ƙura ta turnuƙe tiren mai tsire da kwanon mai ƙosai. Ranar Sallah abin ya fi haka. Tsoho mai zuwa masallaci sai ya raɓe da bango, mai jego ta rungume jariri ta tsaya a bakin kwata har ayarin ya wuce. To wannan ne ake ce mana wasa?

Mu fara da abin da addini ya ce, tunda duk mun yarda da shi. A hadisin Abu Sa'idul Khudri da ke cikin Bukhari da Muslim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da cewa hanya tana da haƙƙi, kuma cikin haƙƙoƙin da ya lissafa akwai kame cuta daga masu wucewa. Wannan fa ga wanda yake zaune ne kawai a gefen hanya. Ina ga wanda ya hau ƙarfe yana gudu da shi a tsakanin ƙananan yara? Wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid zai tuna cewa mahayin dabba da mai janta da mai korarta duk suna lamunin abin da ta taka. Idan doki mai rai, mai iya turjewa, an ɗora wa mahayinsa alhakin ɓarnarsa, babur da ba ya motsi sai ka murɗa masa wuta ai ba a magana. Kuma Suratun Nisa'i, aya ta 92, ta bayyana hukuncin kisan kuskure: diyya ga iyalan mamaci, da kaffara, wadda a zamaninmu ta koma azumin wata biyu a jere. Uban da ya miƙa wa ɗan shekara sha uku makulli ya tambayi kansa ko yana da kuɗin diyya a ajiye.

Wasu za su ce komai ƙaddara ne, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gado yake sai ya tafi. Haka ne, mun yi imani da ƙaddara. Amma wanda yake faɗin haka, da dare yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu. Me ya sa bai bar shi a buɗe ya ce ƙaddara ba? Ashe dai tawakkali da riƙon sababi tare suke tafiya, sai a kan ran ɗan maƙwabci ne ake raba su.

Wasu kuma za su ce ai yara ne, ƙuruciya ce, kowa ya yi tasa. Ba mu ƙi a yi nishaɗi ba. A garuruwan da iyayenmu suka baro, Kano da Katsina da Zariya, ana sukuwar doki ranar Sallah, amma a filin da aka sani, a lokacin da aka sani, da dogarai suna gyara hanya. Ba a taɓa sakin doki a lungun da mata ke daka ba a ce al'ada ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da aka bari yana raina ran mutane a layi, gobe shi ne zai hau babban titin Abuja zuwa Lokoja da wannan halin, inda tirela da tifa ba su san ɗan wane ba.

Yanzu ga abin da ya fi damun mu a matsayinmu na Hausawa mazauna wannan wuri. Babur a unguwarmu abincin gidaje da yawa ne. Da shi ake acaɓa, da shi ake ɗauko doya da gawayi daga ƙauyuka, da shi ake kai mara lafiya asibitin Kwali ko asibitin koyarwa na Gwagwalada. Kuma mun ga yadda hukuma ke yi idan ta gaji. Ranar 1 ga Oktoba 2006, zamanin Malam Nasir El-Rufa'i yana ministan Abuja, aka hana acaɓa a cikin birni. A 2019 aka taƙaita wa keke Napep hanyoyin da zai bi. A Kano, a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, aka hana goyo a babur, dubban masu sana'a suka wayi gari ba abin yi. Legas ta yi nata hanin a 2020, ta sake a 2022. A nan Abuja kuma mun sha ganin hotunan baburan da aka kama ana murƙushe su da injin. A duk waɗannan wurare, da dokar ta zo ba ta tsaya tantance mai hankali da mara hankali ba. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Idan gobe wani yaron unguwarmu ya take ɗan wani a kan wasa, ba za a kira sunansa ba, cewa za a yi Hausawa ne. Mu da muke zaune lafiya da 'yan uwanmu Gbagyi da sauran ƙabilu shekara da shekaru, muna cin kasuwa ɗaya, bai kamata mu bar ƙuruciyar wasu 'yan tsiraru ta zubar mana da wannan mutuncin ba.

Shi ya sa ba ma goyon bayan masu cewa a hana babur shiga unguwa baki ɗaya. Wannan hukunta mai neman halali ne a kan laifin ɗan gata. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, ɗan acaɓa da ƙyar yake haɗa kuɗin mai da na balas da na cefane. Wanda ke ƙona lita a kan ɗaga taya, mafi yawa ba shi ya sayi man ba.

To wa zai sa dokar? A nan ne muke son jama'a su buɗe ido. Mu a Babban Birnin Tarayya ba mu da gwamna, ba mu da majalisar jiha. Minista shugaban ƙasa ne ke naɗa shi. Sanata ɗaya gare mu, 'yan majalisar wakilai biyu. Waɗanda muke zaɓa da hannunmu kuma muke iya taka ƙafa mu same su, su ne ciyaman da kansila. Ƙaramar hukumar Kwali, wadda aka ƙirƙiro a 1996, ɗaya ce daga cikin shida, tare da AMAC da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Abaji, kuma tana da mazaɓu goma, kowace da kansilanta. Aikin majalisar kansiloli ke nan: ta zauna ta yi wa yankinta ƙananan dokoki. Amma mu faɗi gaskiya, mutum nawa ne a unguwar nan suka taɓa zuwa sakateriya da takarda a hannu a kan maganar layi ko kwata? Mun fi sanin kansila ranar rabon atamfa da shinkafa.

Za a iya ce mana babur ba hurumin ƙaramar hukuma ba ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi lasisin keke da baro da amalanke da kwalekwale, wato abin da ba shi da inji. Lasisin tuƙi da lamba aikin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ne, wadda aka kafa a 1988, da hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Abuja, babban titi kuma na gwamnatin tarayya ne. Amma wannan jadawalin dai shi ya ɗora wa ƙaramar hukuma gina layuka da gyaransu, da fitilun titi, da magudanan ruwa, da kasuwanni, da tashoshin mota, da kwashe shara, har da sa wa layi suna da yi wa gida lamba. Wanda aka ba kula da layi, an ba shi kula da abin da ke gudana a cikinsa. Kuma ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Wanda ya nemi 'yanci, sai ya karɓi nauyin da ke tafe da shi.

Sai dai muna gargaɗi tun yanzu: kada wannan kuka namu ya zama wata sabuwar ƙofar tatsar talaka. Mun san yadda ake yi. Da an ce doka, sai wasu su ɗinka riga mai ƙyalli, su gicciya katako mai ƙusa a hanya, su kama magidancin da ya ɗauko buhun masara, ɗan gata mai ɗaga taya kuwa ya wuce yana ɗaga musu hannu. Dokar haraji ta 1998 ta hana kowa kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Duk wanda ke karɓar kuɗin tikiti a hannun 'yan acaɓa da masu keke kullum safiya, ya dace ya nuna rasit, ya kuma nuna abin da aka yi da kuɗin.

Ga abin da muke nema, a fili. Na farko, a rubuta cewa ɗaga taya da tsere da juyi da cire salansa haramun ne a cikin layukan da mutane ke zaune. Na biyu, wanda bai kai shekara 18 ba, wadda ita ce shekarar da doka ta yarda a ba mutum lasisi, kada ya tuƙa babur ko keke Napep, kuma tarar ta hau kan mai abin hawan, ko uba ne ko uban gida. Na uku, a rubuta adadin tarar a allo da Hausa da Gbagyi da Turanci, a biya a banki, a karɓi rasit, babur da aka kama kuma a ajiye shi a ofishin 'yan sanda, kada ya kwana a hannun 'yan banga. Na huɗu, ƙaramar hukuma ta yi tudun rage gudu na ƙa'ida a gaban makarantu da masallatai da coci-coci, maimakon tulin ƙasa da kowa ke zubawa a ƙofar gidansa yana kayar da masu goyon mata masu ciki. Na biyar, a ware fili a bayan gari, ranar Sallah ko wani biki, inda samarin da suka kai shekaru za su je su yi wasansu da hular kwano, wanda ya ga dama ya je kallo. Hular kwanon ma ai tun Janairun 2009 aka fara tilasta ta, mu ne muka mayar da ita abin dariya.

Namu ɓangaren kuma ba sai mun jira kowa ba. Waliyyin ango ya faɗa wa abokan ango tun wurin ɗaurin aure cewa ba a son ayarin babura a kai amarya. Limamai su ɗauki maganar a huɗuba da karatun magariba. Shugabannin 'yan acaɓa su daina ba da hayar mashin ga yara na awa ɗaya ko biyu. Masu gyara su ƙi cire salansa ko nawa aka ba su. Iyaye mata, ku ne kuka san inda ake rataye makulli. Kuma idan aka kama ɗan mai kuɗi ko ɗan malam, kada dattawa su sa babbar riga su tafi biko da dare, domin ranar da aka saki na farko saboda ubansa, ranar dokar ta mutu.

Garin nan fa ba ƙaramin wuri ba ne. A Sheda cibiyar lissafi ta ƙasa take, a nan cibiyar binciken kimiyya da fasaha take, a nan hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa take da hedikwata. Baƙi daga ko'ina suna ratsa mu kullum, abin da suka gani a layukanmu shi za su tafi da shi.

Muna kira ga Sarkin Hausawa da masu unguwanni da limamai da shugabannin 'yan kasuwa da na 'yan acaɓa su zauna cikin wannan wata, a rubuta takarda ɗaya, a nemi sa hannun maƙwabtanmu na sauran ƙabilu, a kai wa kansila hannu da hannu, a ajiye kwafi mai hatimi, a kuma sa ranar komawa jin amsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare mu da ɗaukar ran wani, Ya zaunar da Sheda lafiya.