Talla A Waya: A Nuna Kaya, A Faɗi Kuɗi

Babu shakka kasuwa ta shiga waya. Daga Sokode zuwa Dapango, har Sinkase a bakin iyakar Burkina Faso da Gana, 'yan kasuwarmu na tallar atamfa, takalma da albasa a WhatsApp da Facebook, ana biyansu ta Flooz ko Mixx, wato T-Money kafin a sauya mata suna a 2024.

Sai dai akwai gyara. Wasu kan ɗauko hoton kayan wani su liƙa, su kuma ɓoye farashi. Mai saye a Nano zai biya kuɗin mota zuwa Dapango, ya tarar da abin da bai gani a waya ba. Ba zai dawo ba, kuma garinsu kaf sai ya ji.

Shawararmu ita ce, ɗan kasuwa ya ɗauki hoton kayansa da rana, ya faɗi yadi ko awo, in akwai aibi ya bayyana. Ya rubuta farashi da lambobi, ya ce sefa ne ko sidi, domin mutumin Nijar in ya ce ɗari, sefa 500 yake nufi. Ya haɗa da gajeren saƙon murya da Hausa, Moba ko Kotokoli saboda marasa karatu.

Waya na kawo mai saye sau ɗaya, amana ce ke dawo da shi. Allah Ya ba da kasuwa.