Daga Dutse zuwa Ojo: Shin ɗan Jigawa zai iya tuƙa jirgin saman sojin ruwa?

Lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Idi Abbas, ɗan asalin Jihar Kano, a matsayin Babban Hafsan Sojin Ruwa a watan Oktoban 2025, ya zama Bakano na biyu da ya riƙe wannan kujera cikin shekara biyar, bayan Awwal Zubairu Gambo da ya jagoranci rundunar daga 2021 zuwa 2023. Wannan kaɗai ya isa ya rusa tunanin da ake yi a Arewa cewa aikin sojin ruwa na mutanen bakin teku ne.

Sai dai akwai wani sashe na rundunar da matasa a Dutse, Kiyawa ko Birnin Kudu ba su cika jin labarinsa ba, wato sashen jiragen sama. Rundunar tana da jiragenta masu saukar ungulu da matuƙanta, daban da na Sojin Sama, kuma cibiyarsu tana Ojo a Legas. Ta fara da jiragen Lynx ƙirar Birtaniya a shekarun 1980, daga baya ta koma kan AW109 ƙirar Italiya.

Hanyar shiga ba ɓoyayya ba ce. Yawanci ana farawa ne daga Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta NDA da ke Kaduna, inda ake raba gurabe jiha-jiha, sannan a wuce kwalejin sojin ruwa da ke Onne a Jihar Ribas. Sai mutum ya zama cikakken hafsan ruwa tukun, ya san jirgi da teku, kafin a zaɓe shi koyon tuƙi. A nan ne ake tankaɗe da rairaya: lafiyar ido, lissafi, Turanci, da kuma iyo. Sauke jirgi a bayan wani jirgin da igiyar ruwa ke jijjigawa ba wasan yara ba ne.

Me ya sa gwamnati ke kashe kuɗi a kansu? A 2020 an sace ma'aikatan jiragen ruwa 130 a mashigin tekun Guinea. Sintiri ta sama na cikin abubuwan da suka taimaka aka rage wannan fashi, kuma ta wannan teku ne ɗanyen man da ke ciyar da kason Jigawa na wata-wata yake fita.

Ga kuma buƙatar gida. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Ringim da garuruwan da ke bin kogin Hadeja ya san akwai ranar da mota ba ta da amfani, kwalekwale ma bai wadatar ba. Ceto a kan ruwa kuwa sana'ar waɗannan matuƙa ce, amma jiragensu na nesa da mu sosai.

Rundunar ta matso Arewa. Tana da sansani a Baga a bakin Tafkin Chadi, da kwaleji a Dawakin Tofa ta Jihar Kano, wadda aka yi ta yi wa ba'a a 2021 ana tambayar ina teku a Kano.

A ganina, gurbin Jigawa a NDA ba shi ne matsalar ba, shiri ne. Yaron da ya gama sakandare ba tare da malamin fiziks na kirki ba, tun a jarrabawar farko za a bar shi a baya. Wannan kuwa aikin Ma'aikatar Ilimi ce da ke Dutse, ba na hedikwatar sojin ruwa da ke Abuja ba.