Gashi Ta Waya Sai Da Horo

Tun daga shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta tsare jama'a a gida, asibitocin ƙasashe da dama suka shiga koya wa masu shanyewar ɓarin jiki motsa gaɓoɓi ta wayar hannu mai hoto. Ba shakka wannan hanya ta dace da Jihar Katsina, domin likitocin gashi kaɗan ne, galibinsu kuwa a manyan asibitoci suke, alhali jihar tana da ƙananan hukumomi 34. Ko majinyacin da ke Ƙofar Marusa, a cikin birni, kai shi asibiti kowane mako ɗawainiya ce, balle na Batsari ko Jibiya.

Amma fa mallakar waya ba shi ne samun sauƙi ba. Likitan da ya saba gane taurin kafaɗa da tafin hannunsa, yanzu ido da tambaya kaɗai gare shi. Wajibi ne ya iya bayani da Hausa sassauƙa, ya nuna motsi guda, ya jira a maimaita, sa'an nan ya gyara. Dole ne kuma ya tantance wanda sai an duba shi ido da ido, ya kuma kiyaye sirrin majinyaci, musamman matan aure a ɗakunansu.

Haka nan majinyaci da mai jinyarsa suna da nasu karatun. Su san inda za a jingine waya yadda jiki duka zai fito cikin haske. Mai jinya ya tsaya ta ɓangaren da ya shanye don gudun faɗuwa. A ƙidaya motsi daidai, a faɗi gaskiyar zafin da aka ji, kada kunya ta hana. In jiri ko ciwon ƙirji ko kumburin ƙafa ya taso, a dakata, a nufi asibiti.

A shekarar 2023 Babban Taron Lafiya na Duniya ya nemi ƙasashe su ƙarfafa wannan fanni. Saboda haka kamata ya yi Ma'aikatar Lafiya ta Jiha ta horar da ma'aikatanta, ta kuma wajabta a koya wa mai jinya aikin, hannu da hannu, kafin a sallami majinyaci. In ba haka ba, gaɓar da ake son ta warke ita za a ƙara nakasawa. Da muguwar rawa, gwamma ƙin tashi.