Farin Kwaɗo da Yaro Zabiya

In aka ci karo da farin kwaɗo mai jan ido a fadamun Funtua, wani sai ya ce aljani ne, alhali a Turai kiwonsa ake yi don sha'awa. Jikinsa ne kawai ya rasa melanin, sinadarin da ke ba fata launi, yake kāre ta daga rana. Haka zabiya yake, kuma gadon daga uwa da uba yake zuwa. A daina ɗora wa uwa laifi. Abin tsoro rana ce. Yaro zabiya da ke yini a gonar auduga a Malumfashi yana cikin haɗarin sankarar fata. A ba shi malafa da riga mai dogon hannu, a zaunar da shi gaban aji saboda raunin idonsa.