Katin Bashi Marar Ruwa: Mu Karanta Takarda Kafin Mu Sa Hannu

Duk wanda ya zauna a majalisun 'yan kasuwa a unguwar Briqueterie ta Yawunde, wadda muke kira Birik, ya san cewa hirar banki da bashin ruwa ba ta ƙarewa a bakinmu. Daga masu shagunan atamfa da shadda har zuwa masu ɗauko kaya daga Duwala, Kano da Dubai, kowa yana neman hanyar da zai yi babbar sayayya ba tare da ya ɗaure damin kuɗi a ƙugu ba, kuma ba tare da ya faɗa cikin riba ba. Shi ya sa da zarar an ambaci katin bashi marar ruwa sai kunnuwa su tashi. Ra'ayinmu shi ne, kada sunan kati ya sa mu yi tsalle mu koma masa, sai mun san da me mai katin yake cin abinci.

Da farko ya kamata mu gane cewa katuna biyu ne suke amsa wannan suna. Akwai irin na Ingila da Amurka, inda banki kan yafe ruwa na wasu watanni domin ya jawo mutum, amma da wa'adin ya cika sai ruwa ya hau kan abin da ya rage, sau da yawa fiye da kashi 20 cikin ɗari a shekara. Wannan bashin ruwa ne da aka jinkirta. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na birnin Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a karɓi katin da aka gindaya sharaɗin ruwa a cikinsa ba, ko da mai katin ya ƙudura zai biya kafin wa'adi. Na biyu shi ne wanda bankunan Musulunci suke bayarwa a ƙasashen Larabawa da Maleshiya, inda banki yake karɓar tsayayyen ladan hidima a maimakon ruwa.

A nan Kamaru kuwa, yawancin katunan da ke aljihunmu na cire kuɗin da mutum ya ajiye ne da kansa, babu bashi a cikinsu. Amma ƙofa ta buɗe. Afriland First Bank ya buɗe sashen hada-hadar Musulunci a 2015, sannan a 2022 ƙasashen CEMAC suka amince da dokar da ta tsara wannan harka a ƙarƙashin sa idon hukumar COBAC. A maƙwabciyarmu Nijeriya, Jaiz Bank ya fara aiki a 2012, TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus Bank kuma a 2021. Wannan ci gaba ne da muka daɗe muna roƙo, kuma ba mu raina shi ba. Sai dai inda aka buɗe sabuwar kasuwa, masu talla sukan riga masu gaskiya isa.

Mu ɗauki misali da lissafi irin namu na kasuwa. A ce Alhaji yana son kaya na sefa miliyan 3. Idan ya bi ta murabaha, banki zai sayi kayan ya mallake su, sannan ya sayar masa, a ce a kan miliyan 3 da dubu 300, ya biya cikin wata 10. Tun ranar farko ya san dubu 330 ne a kowane wata, kuma farashin ba zai ƙaru ba. To, a ce wani ya karɓi kati mai ladan hidima na sefa dubu 25 a wata, ko ya yi amfani da shi ko bai yi ba. A shekara dubu 300 ke nan. In miliyan 3 yake juyawa da katin, ya yi kunnen doki da mai murabaha. In kuwa dubu 500 kawai ya taɓa ciyowa, ya biya kashi 60 cikin ɗari na abin da ya amfana da shi. Babu ruwa a takarda, amma aljihu ya ji a jikinsa.

Don haka muke ba 'yan uwa shawara su yi tambaya huɗu kafin su sa hannu. Nawa ne jimillar abin da zan biya a shekara, da kuɗin buɗe kati, da na sabuntawa, da na cirewa a na'ura? Idan na makara da biya, me zai faru, kuma ina kuɗin tarar yake zuwa? A bankunan Musulunci da dama sadaka ake yi da shi, banki ba ya ci. Su wane ne malaman da suke duba ayyukan bankin, kuma ina fatawarsu a rubuce? Sannan a kan wane irin ciniki aka gina katin? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin wasu katunan an gina su ne a kan tawarruƙ da banki yake tsarawa, wato ciniki na takarda kawai don a samu tsabar kuɗi, wanda ita wannan Majalisar Fiƙihu ta hana a zamanta na Sharja a 2009.

Mu da muke cin kasuwannin kan iyaka muna da ƙarin abin lura. Hukuncin shekarar 2000 ya hana sayen zinariya, azurfa ko kuɗin wata ƙasa da katin bashi, saboda haka 'yan canji su sani ba nasu ba ne. Haka kuma dokar canjin kuɗi ta babban bankin BEAC da ta fara aiki a 2019 ta ce wanda ya kashe fiye da sefa miliyan 5 da kati a tafiya ɗaya a wajen ƙasashen CEMAC sai ya kawo takardun shaida. Ga kuma batun naira. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, ita kuwa naira ta yi mummunar faɗuwa bayan da aka sake ta a watan Yunin 2023. Wanda ya ci bashi da sefa ya sayar da kaya da naira a Mubi ko Banki, faɗuwar kuɗi kaɗai tana iya cinye ribarsa kafin banki ya karɓi nasa. Sannan mu tambayi kanmu: dillalai nawa ne a Kusiri, Garwa-Bulai ko Kye-Ossi suke da na'urar karɓar kati?

Wani zai ce, to, sai mu zauna muna ɗaukar tsabar kuɗi a mota, 'yan fashi suna tare mu a hanyar Ngawundare? Ko kusa. Kati na kuɗinka, da tura kuɗi ta waya, sun isa su raba mu da wannan haɗari ba tare da an ci bashi ba. Matsalar tsaron kuɗi daban, matsalar ƙarancin jari daban, kuma bai kamata mai talla ya haɗa mana su a ƙunshi ɗaya ba.

Kada kuma mu manta da abin da ya gina Birik tun zamanin kakanninmu fatake: maigida ya ba yaronsa kaya a kan amana, abokin ciniki ya ɗaga maka ƙafa zuwa bayan salla, 'yan adashi su haɗa wa ɗaya jari. Wannan tsari yana da nasa ciwon, domin ba a cika rubutawa ba, kuma mun ga zumuncin da bashi ya raba. Gyaransa shi ne a rubuta a kafa shaidu kamar yadda addini ya umarta.

Muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu da limamanmu su gayyaci jami'an bankuna su zo su yi bayani da Hausa da Fulatanci, a fassara takardun yarjejeniya daga Faransanci a karanta a gaban jama'a. Bankin da ya yarda da haka, mu ba shi kasuwarmu da zuciya ɗaya. Wanda ya noƙe kuwa, ya riga ya ba mu amsa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a ci shi ido a buɗe. Allah Ya ba mu halal, Ya sa albarka a kasuwanninmu.